Taki Uku

Daren Talata na murɗa ƙarfen,
ƙofar dam ta ɗaga taki uku,
ba huɗu ba. Haka takarda ta ce,
haka injiniya Hassi ta sa hannu
bayan zama tara da masunta da makiyaya
da masu albasa, waɗanda ba su son ruwa ya leƙo
sai sun cire ta ƙarshe.

Ni ɗan Basarke ne. Ubana Nomau
ya rasu gorarsa na rataye jikin rumbu,
homarsa ta zama makwancin kaji.
Shekara goma sha ɗaya ina gadin bangon
da ya tsare masa kogi.
Da albashin nan na sayo likkafaninsa.
Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Mun san sakin da babu lissafi.
Shekarar da aka wangame ƙofofi da tsakar dare
ya tafi da gero, da katanga, da awakin Kulu bakwai,
har yau in ta ji ƙarar ruwa sai ta kama salati.
Wannan ba shi ba ne.
Ruwan da aka saka da hankali ba ya gudu,
tafiya yake irin ta tsohon da ya daɗe a Gabas,
yana tsayawa gai da kowace ƙorama,
yana sallama bakin kowane rami
ko mai shi na nan.

Daga Goronyo zuwa tungarmu
kwana biyu ne da yini. Na ƙirga.
Na kasa barci.

Ran Juma'a, ana saukowa masallaci,
Arzika ya kira, iska na cin muryarsa:
"Ruwa sun iso! Ga su nan ga gindin giyayya,
sun taho da kumfa da kara
da takalmin wani yaro, ƙafa guda."
Sai ya yi shiru. Na ji fadama tana sha,
tsagar ƙasa na haɗiya kamar mai buɗe baki da azumi.

Can ƙasa akwai gaiwa
naɗe cikin laka, tana cin jikinta
don kada ta roƙi kowa.
Ita na tuna, ba masu jawabi ba.
Yaya sanyin farko ya taɓa ta?
Ta yarda nan take, ko ta ce mafarki ne?

Bayan sati biyu na je da kaina.
Burgu ya tsiro, kore shar,
shanun Jaɓɓi sun shiga har ƙirji
suna hura hanci.
Bado ya buɗe. Zalɓe ya dawo tsayuwarsa
kamar mai bin bashi.
Da magariba kirinjijiya suka ratsa sama da fito,
wata yarinya ta tambayi kakarta sunansu.

Ba komai ya dawo ba.
Giwan ruwa ko labarinsa babu.
Labbo ya yi asarar fangali biyu na albasa,
na gaishe shi, ya dubi bayan kaina.
Yana da gaskiyarsa.
Kogi ba ya raba gado daidai,
sai dai a zauna a sake auna masa hanya.

Kwana ashirin da ɗaya aka ba mu.
Kafin in koma in rufe
na sauke gorar Nomau, na kakkaɓe gidan zanzaro,
na liƙe tsagarta da ƙaro.
Na kwanta kanta da ciki, yadda ya koya mini,
ƙafafuna sun manta, ruwan bai manta ba.
Wani ɗan karfasa, bai kai yatsa ba,
ya taɓa mini gwiwa ya wuce.

Baba, taki uku ne kawai.
Baɗi zan roƙi huɗu.